Shin Injinan Robot Sun Kusa Raba Ɗan Adam Da Aikinsa?

A watan Afrilun 2025 an yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 21 a birnin Beijin, aka saka mutum-mutumi 21 su yi gudu a gefen mutane. Hotunan sun zaga duniya. Wanda ya zo na ɗaya a cikin injinan, Tiangong Ultra, ya kammala cikin awa 2 da minti 40, bayan an sauya masa batir a hanya, ga kuma injiniyoyi na binsa a guje. Mutumin da ya lashe tseren bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Akasarin sauran injinan ma ba su kai ƙarshe ba.

Duk sa'ad da irin wannan bidiyo ya fito, sai magana ta rabu gida biyu. Wasu su ce shi ke nan, ta ƙare wa ma'aikaci, nan da shekara goma babu mai neman hannun ɗan Adam. Wasu su ce ai wasan yara ne, abin da ba ya iya tafiya sai an riƙe shi wane aiki zai ƙwace? Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun bar inda gizo ke saƙa. Injinan da suka riga suka sauya yadda ake ƙera mota da waya da magani ba su da fuska, ba su da ƙafa, kuma sun fi shekara sittin suna aiki. Tambayar ita ce: mene ne ainihin abin da suka iya, mene ne ya gagare su, kuma wa abin ke shafa?

Sunan ma yana ɓatar da mutum

Idan aka ce mutum-mutumi, ko saƙago kamar yadda wasu ke faɗa, abin da zai faɗo a rai shi ne wani abu mai kai da hannu biyu yana takawa. Robot ɗin masana'anta hannu ɗaya ne na ƙarfe, an ɗaure gindinsa a ƙasa da manyan notuna, yawanci yana da gaɓoɓi shida, a ƙarshensa kuma a ɗaura masa abin aiki: bakin walda, ko abin fesa fenti, ko awartaki, ko wani abu mai zuƙo kaya da iska. Kalmar robot kanta daga harshen Cek ta fito, inda asalinta ke nufin aikin tilas, ta kuma shiga bakin duniya ta hanyar wani wasan kwaikwayo da Karel Čapek ya rubuta a 1920.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne tsarin da inji ke gudanar da kansa ba tare da an tsaya a kansa ba, kamar layin da ke cika kwalabe ya rufe su. Irin wannan aiki ɗaya tak ya sani. Abin da ke juya shi wata ƙaramar kwamfuta ce mai jure ƙura da zafi, wadda aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1960 bayan kamfanin General Motors ya gaji da sake haɗa wayoyi dubbai duk lokacin da zai sauya samfurin mota. Na biyu shi ne robot, wanda bambancinsa shi ne ana iya goge aikin da ya sani a koya masa wani. Na uku ita ce ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke koyo daga misalai. Mafi yawan injinan robot da ke aiki a yau ba su da wannan ta uku, ko kuwa 'yar kaɗan gare su. Abin da aka nuna musu jiya shi suke yi yau.

Na farkonsu, Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙira Joseph Engelberger kuma ya tallata, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey. Aikinsa ɗauko ƙarfen da aka zuba yana da zafi ya ajiye, aikin da ma'aikata ke gudu. Japan ce ta fi kowa saurin gane darajarsa: kamfanin Kawasaki ya karɓi lasisi, ya fito da nasa a 1969. Zuwa 2023, bisa ƙididdigar ƙungiyar masu harkar robot ta duniya, akwai injinan robot sama da miliyan 4 da ke aiki a masana'antu, kuma fiye da rabin waɗanda aka kafa a shekarar, a ƙasar Sin aka kafa su.

Iya maimaitawa daban, iya saiti daban

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aka fi yin kuskure. A ɗauki maharba biyu. Na farko ya harba kibiya goma, dukkansu suka soke a wuri ɗaya, har wata na tsaga wata, amma wurin yana taƙi guda daga tsakiyar abin da aka nufa. Na biyu kibiyoyinsa sun warwatsu, amma sun kewaye tsakiyar. Na farko gwanin maimaitawa ne. Robot ɗin masana'anta shi ne maharbin nan na farko.

Idan ka ga an rubuta cewa wani hannun robot yana da kuskuren milimita 0.02 ko 0.05, abin da ake nufi shi ne idan aka kai shi wani wuri aka ce ya riƙe, zai koma wannan wuri sau dubu ɗari ba tare da ya kauce fiye da haka ba. Kaurin silin gashin kai kusan milimita 0.07 ne, don haka kaucewar ba ta kai gashi ɗaya ba. Amma idan aka ba shi lambobi kawai aka ce ya je wurin da bai taɓa zuwa ba, yana iya kaucewa da milimita guda ko fiye, sai fa idan an zauna an auna shi an gyara lissafinsa.

Shi ya sa har gobe za ka ga injiniya a tsaye gaban hannun ƙarfe, riƙe da wani allo mai waya da jan maɓallin tsayarwa. Yana danna maɓalli, hannun na tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Injiniyan ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, ya duba ko bakin waldar ya sauka daidai kan gaɓar ƙarfen, ya matsar da shi kaɗan, sannan ya danna a ajiye wannan wuri. Ya wuce na gaba. Gangar jikin mota ɗaya tana da ɗigon walda dubu uku zuwa biyar. Ko da an tsara tafiyar a kwamfuta tun farko, sai mutum ya zo ya bi ta ya daidaita ta da ainihin ƙarfen da ke gabansa.

Ta yaya hannun ke samun wannan natsuwa? A kowace gaɓa akwai injin lantarki mai juyawa, a bayansa akwai na'urar da ke ƙirga juyinsa, tana raba zagaye ɗaya zuwa kashi dubu ɗaruruwa ko miliyoyi. Kwamfutar da ke kula da hannun tana kwatanta inda gaɓar take da inda ya kamata ta kasance, sau ɗaruruwa zuwa dubbai a daƙiƙa ɗaya, tana gyarawa. Sai kuma giyar rage gudu. Giya ta yau da kullum tana da ɗan wasa tsakanin haƙora, kuma ɗan wasan da ba a gani a kafaɗa, kafin ya isa ƙarshen hannu mai tsawon mita biyu ya zama ɓarna. Don haka ake amfani da giya ta musamman wadda kusan ba ta da wasa ko kaɗan. Ɗaya daga cikin irinta wani Ba'amurke, Walton Musser, ya ƙirƙira a shekarun 1950, amma kamfanonin Japan irin su Harmonic Drive da Nabtesco su suka riƙe kasuwarta shekara da shekaru. Wannan 'yar giya na daga cikin dalilan da suka sa ƙera robot mai kyau bai zama aikin kowa ba, aka daɗe ana jin sunaye huɗu: FANUC da Yaskawa na Japan, ABB na Suwizalan da Suwidin, da KUKA na Jamus, wanda kamfanin Midea na Sin ya saye.

Abokin gaba na gaba shi ne zafi. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙara milimita 0.012 idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Digiri biyar kawai sun isa su cinye duk daidaiton da ake taƙama da shi. Hannun da ya kwana a sanyi ba zai sauka inda yake sauka da tsakar rana ba, shi ya sa a aikin da ba ya son kuskure ake barinsa ya yi ta motsi babu kaya har jikinsa ya ɗumama.

To amma ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Gwanin maimaitawa ba shi da amfani sai idan kayan aikin ma suna zuwa wuri ɗaya kullum. Idan ƙofar motar ta zo a karkace da milimita uku, robot zai yi waldarsa a iska, da cikakkiyar natsuwa. Saboda haka ake kewaye shi da maƙalai da matsai da ke riƙe kowane ƙarfe a mazauninsa, a sake fasalin kayan da kansu don su dace da shi, a tilasta wa masu kawo kaya kada girman noti ya bambanta. Sau da yawa kuɗin wannan shiri ya fi na hannun kansa. Mutane ne ke share masa fage, su gyara masa duniya ta zama iri ɗaya, sannan a ce ya iya aiki.

Inda hannun mutum ba zai taɓa kaiwa ba

Akwai sana'ar da ba a maganar an ƙwace wa kowa aiki a cikinta, domin tun asali babu hannun da zai iya. Ita ce ƙera 'yan ƙwaƙwalen lantarki, wato cip, da ke cikin waya da kwamfuta da mota. A nan ba a awo da milimita, sai da nanomita, kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Farcen mutum na tsiro da kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa.

Ana zana cip ne hawa-hawa a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, hawa gommai, kuma dole kowane hawa ya zauna kan na ƙasansa da kuskuren da bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyu ba. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar layuka kamfani ɗaya ne a duniya ke ƙera shi, ASML, da ke Veldhoven a ƙasar Holan. Hasken da yake aiki da shi mai tsawon zango nanomita 13.5 ne, kuma yadda ake samar da shi abin al'ajabi ne: ana sakin ɗigon narkakkiyar kuza 50,000 a daƙiƙa ɗaya, hasken leza na dukan kowane ɗigo sau biyu yana cikin tafiya. Iska ma na shanye wannan haske, gilashi ma haka, don haka komai a wurin da aka zuƙe iska ake yi, da madubai na musamman da kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa.

A irin waɗannan masana'antu mutum shi ne datti. Fatarsa na zubar da ƙura, numfashinsa na ɗauke da danshi. Ana zuba faya-fayan 25 a akwati rufaffe, wasu 'yan motoci da ke rataye a dogon rufi su ɗauke shi daga inji zuwa inji. Darajar injin ASML ɗin nan ta kai ga siyasar duniya ta shigo ciki: tun 2019 gwamnatin Holan, bisa matsin lambar Amurka, ba ta ba da izinin sayar wa Sin da shi ba.

Robot a ɗakin tiyata: wa ke riƙe da wuƙa?

Wannan na daga cikin abubuwan da suka fi tsorata jama'a, alhali shi ne mafi sauƙin bayani. Na'urar da aka fi sani, da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2000, ba ta yanke shawarar komai. Likita na zaune a gefe guda cikin ɗakin, ya cusa goshinsa a wani akwati yana kallon cikin maras lafiya an faɗaɗa masa shi, yatsunsa cikin wasu 'yan zobba, ƙafafunsa kan fedoji. Hannuwa huɗu na ƙarfe sun shiga cikin maras lafiyar ta ƙananan huda. Idan likita ya motsa hannunsa santimita uku, bakin almakashin na iya motsawa santimita ɗaya kawai, rawar hannu kuma an tace ta. Ya ɗaga kansa daga akwatin, komai ya tsaya cak. Tun a watan Satumban 2001 Farfesa Jacques Marescaux ya zauna a Niyok ya cire wa wata mata matsarmama tana kwance a Strasbourg ta Faransa, da wata na'ura mai suna ZEUS.

Amfaninta a fili yake a wurare masu matsi kamar ƙasan mara, inda hannu ke wahalar juyawa. Huda ƙarama, jini kaɗan, saurin tashi daga gado idan aka kwatanta da tsaga ciki. Likitan ma bayansa na hutawa. Sai dai akwai wata tiyatar ta ƙananan huda da likitoci suka daɗe suna yi da hannu, kuma idan da ita aka gwada, bambancin ba kullum yake fitowa ba. Wani babban gwaji kan sankarar ƙarshen hanji da aka wallafa a 2017 bai sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen yawan waɗanda dole aka koma aka tsaga. Ga tsada, ga kuma shekarun da likitoci suka yi suna aiki da ita ba sa jin taurin nama a hannunsu, da ido suke kintata. Idan aka ce wa mutum da robot za a yi masa aiki, tambayar da ta fi yi masa amfani ita ce: wannan likitan sau nawa ya yi irin wannan aikin da ita?

Sito, tasha, rami da gona

A nan dabarar ɗaya ce, a gyara wurin tukuna. Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya sayi kamfanin Kiva a 2012, injinan Kiva kuma faifai ne masu taya da ke shiga ƙarƙashin kanta su ɗago ta su kai wa ma'aikaci. Ƙasan siton a shafe yake sumul, an manna alamomi da suke karantawa, an hana mutum shiga. A 2025 kamfanin ya ce injinansa sun kai miliyan ɗaya. Tashar jiragen ruwa ta Rotterdam da ke Holan ta fara jigilar kwantena da motoci marasa direba tun 1993, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne ma'aunin girman kwantena iri ɗaya ne a duk duniya. A yankin Pilbara na Ostireliya manyan tifofin kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto na kwasar ƙasar tama babu kowa a ciki, ana lura da su daga birnin Perth, tafiyar kusan kilomita 1,500. Hanyar a killace take, babu mai shiga sai da izini.

Gona ta fi wuya, domin ba a iya shafe ta da siminti. Duk da haka tarakta mai bin tauraron ɗan Adam na iya riƙe layi da kuskuren santimita biyu zuwa uku. Akwai injin feshi na kamfanin John Deere mai kyamarori da ke bambance ciyawa da shuka, ya fesa wa ciyawar kaɗai. A Holan kuwa tun 1992 kamfanin Lely ya fito da injin tatsa, saniya ce ke zuwa da kanta idan ta ga dama.

Abin da ya gagare shi

Ka ɗauki ƙyalle ɗaya daga cikin tarin da aka yanka. Yatsunka sun ji ko biyu suka biyo, ka murza kaɗan ɗayan ya faɗi. Ka shimfiɗa shi, ya naɗe a gefe, ka miƙe shi ba tare da ka duba ba. Ka tura shi ƙarƙashin allurar keke, kana ja kana saki gwargwadon yadda yadin ke miƙewa. Cikin daƙiƙa huɗu ka yi abin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna fama da shi. Yadi ba ya tsayawa yadda aka ajiye shi, haka wayar lantarki, haka roba, haka 'ya'yan itace masu laushi da ke ɓoye a bayan ganye. Masanin robot Hans Moravec ya lura da haka tun 1988: abin da ke ba mutum wahala, kamar dogon lissafi, sauƙi ne ga kwamfuta, abin da yaro ɗan shekara ɗaya ke yi ba tare da tunani ba kuwa, shi ke ɗaure mata kai.

Manyan kamfanoni sun sha koyon wannan darasi da kuɗinsu. A 2018 Tesla ya cika layin haɗa motarsa Model 3 da injina, aiki ya riƙa tsayawa, har shugaban kamfanin, Elon Musk, ya fito ya amsa cewa sun wuce gona da iri, kuma an raina darajar mutane. Boeing ya kawo hannuwan robot su huda su kuma ɗaure gangar jirgin sama samfurin 777, ya yi shekaru ma'aikata na bi suna gyara abin da suka ɓata, a 2019 ya haƙura da tsarin. A shekarar dai Adidas ya sanar da rufe masana'antun takalmansa biyu na Jamus da Amurka da aka gina don injina su yi mafi yawan aikin. Ko a siton Amazon ɗin nan, injin ya kawo kanta, amma sa hannu cikin aljihun kantar a zaro abu ɗaya daga cikin tarkace, yawanci har yanzu mutum ke yi.

Ƙirƙirarriyar basira na rage wannan giɓi, kuma da sauri. Kyamara da manhaja sun sa robot na iya ɗaukar abin da ba a jera masa ba. Amma masana'anta ba ta burge da abin da ya yi daidai sau tara cikin goma. Layin da ke fitar da kaya dubu a awa, idan inji na kuskure sau ɗaya cikin ɗari, tsayawa goma ke nan kowace awa.

To, aikin yi fa?

A 2013 masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka na cikin babban haɗari. Adadin ya tayar da hankali. A 2016 wasu masana da suka yi wa ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD bincike suka sake lissafin, suka sami kashi 9. Bambancin ya zo ne daga yadda aka ɗauki sana'a. Na farko sun ɗauke ta dunƙule, na biyu sun warware ta zuwa ƙananan ayyuka, suka ga inji na ɗauke wasu ya bar wasu. Makaniki ba noti kaɗai yake kwancewa ba, yana sauraren ƙarar inji, yana magana da mai mota.

Wannan ba ya nufin babu wanda ya ji jiki, kuma ba na son a yi amfani da shi a rufe bakin masu kuka. Masanin tattalin arziki Daron Acemoglu, wanda ya sami kyautar Nobel a 2024, tare da Pascual Restrepo sun bi yankunan Amurka daga 1990 zuwa 2007, suka gano cewa kowane robot da aka ƙara ya tafi da aikin mutum uku ko fiye, albashi ma ya ɗan sauka. Nauyin ya fi faɗawa kan waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, da garuruwan da masana'anta ɗaya ke riƙe da su. Mutumin da ya shekara ashirin yana walda, gidansa da iyalinsa a garin suke, ba ya jin sanyi a ransa idan aka ce masa an buɗe sabbin ayyukan manhaja a wani birni mai nisa.

Jamus ta fi Amurka yawan robot idan aka raba da yawan ma'aikata, amma binciken masanin tattalin arziki Wolfgang Dauth da abokansa ya nuna jimillar ayyuka ba ta ragu ba. Ma'aikatan da ke ciki akasari ba a kore su ba, an sauya musu aiki a kamfanin. Matasa ne suka tarar ƙofar masana'anta ta ƙuntata, suka nufi wasu sana'o'in. Injin ɗaya ne a ƙasashen biyu. Abin da ya bambanta shi ne a Jamus ma'aikata na da wakilai masu ƙarfi a cikin kamfani, kuma tsarin koyon sana'a ya kafu.

Wata hujjar kuma: ƙasashen da suka fi tara robot su ne waɗanda ma'aikata ke ƙaranci a cikinsu. A 2023 Koriya ta Kudu na da robot 1,012 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, alhali matsakaicin duniya 162 ne. A shekarar, haihuwa a ƙasar ta faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace. A wannan awo na yawan robot, bisa ƙididdigar 2023 ɗin, Sin na da 470, Jamus 429, Japan 419, Amurka 295. Yawan al'ummar Sin ya fara raguwa tun 2022. Su a wajensu inji na cike gurbin hannun da ba a haifa ba ne.

Sai batun lafiyar wanda ya rage a wurin aiki. A watan Janairun 1979 hannun wani inji ya kashe ma'aikaci a masana'antar Ford da ke jihar Michigan, kuma shi ake ɗauka mutum na farko da robot ya yi ajalinsa. Daga baya aka riƙa kulle su a keji. Tun 2008 kamfanin Universal Robots na Denmark ya fara sayar da ƙananan hannuwa da ke tsayawa idan sun taɓa mutum. Haɗarin yanzu ya sauya kama. Idan inji ne ke kawo kaya ba ya gajiya, shi ke yanka wa mutum gudun aiki, kuma kafaɗa da wuyan hannu da baya su ke biya.

Ƙasashen da ke ƙasan tsani

Wannan ɓangare shi ya fi damuna. Ingila, Japan, Koriya, Sin, kowacce da masaƙa da ɗinki da haɗa ƙananan kaya ta fara hawa. Abin da matalauciyar ƙasa ke da shi na sayarwa shi ne hannu mai araha, da shi take jawo masana'anta, ma'aikata su koyi aiki, 'ya'yansu su yi karatu, a hau mataki na gaba. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa a yanzu masana'antunsu na fara ja da baya tun ba su kai arzikin da na gabansu suka kai ba. Idan inji ya yi araha har ya zama hannu mai araha ba shi da wata fa'ida, matakin farko na tsanin ne aka cire.

Bangaladash na da ma'aikatan ɗinki kusan miliyan 4, da yawansu mata, kuma tufafi ne sama da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke fitarwa waje. Yanka yadi tuni inji ya karɓa a manyan masana'antu, saƙa rigar sanyi ma haka. Abin da ya rage a hannun matan nan shi ne ɗaga ƙyalle ɗaya daga tari, daidaita bakinsa da na wani, da bi da shi ƙarƙashin allura a lanƙwasar wuya da hammata. A Amurka da Sin da Japan akwai injiniyoyin da wannan ne aikinsu dare da rana. Wasu na gwada sandarar da yadin da wani sinadari ya zama kamar kwali, a ɗinka, sannan a wanke. Wasu na sa kyamara ta bi zaren saƙar ɗaya bayan ɗaya. Tawul da rigar matashi da sauran masu miƙaƙƙen ɗinki sun fara shiga hannu. Riga mai kwala da hannu har yanzu sai an zaunar da mutum a gaban keke.